Masai na zama ko na tsugunno, na ƙasa ko na rataye: wanne zaka sa a banɗakinka?

Duk wanda ya taɓa gini ko gyaran gida ya san yadda abin yake, za'a yi wata guda ana gardama kan kalar fenti da irin tayil ɗin falo, amma masai sai ranar da mai aikin famfo ya bugo waya yace gobe zai zo ɗaurawa sannan a tashi a guje a ɗauko wanda ya fi sheƙi. Nima haka nayi, kuma na ji a jikina. Lokacin da ake shimfiɗa bututu an auna santimita 30 daga bango zuwa tsakiyar ramin, daidai ne a lokacin, sai dai bangon bulo ne tsirara, da aka yi filasta aka manna tayil sai suka cinye kusan santimita 4. Ranar ɗaurawa muka fito da masai sabo fil daga kwalinsa, mutum biyu suka daddage suka ɗora, sai ga bayan tankin ya tokare bango, bakinsa kuma bai hau ramin ba. Mai aikin ya tsaya yana sosa ƙeya, nima ina sosa tawa. Ƙarshe wata karkatacciyar roba ya sa a tsakani don kar a fasa tayil, robar nan kuwa ita ta zame mana ƙarfen ƙafa, wata biyu wata uku sai ya toshe, har dai muka haƙura aka fasa ƙasan aka matsar da bututun. An gudu ba'a tsira ba kenan.

Shi yasa in mutum ya tambayeni wane masai ne ya fi, ni daga ƙasa nake faro mishi, ina bututunka yake? Kowane masai na ruwa akwai wani lanƙwasa a cikinsa inda ruwa yake kwanciya, ruwan nan da kake gani kullum a ƙasan kwanon ba ragowa bane, shine marfin da yake hana wari da kyankyasai tasowa daga sokawe su shigo maka ɗaki. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, shi ya yi wa dabarar rajista a 1775, kuma har yau ita ɗin dai ce. Bambancin kawai inda wuyan ya fita. Akwai mai S, wato wuyansa kamar harafin S, wanda yake nutsewa ƙasa cikin daɓe, akwai mai P, wuyansa kamar harafin P, wanda yake fita ta baya ya shiga bango. In mai S ne ka auna daga bangon da aka GAMA, da tayil ɗinsa da komai, zuwa tsakiyar rami. Santimita 30 shi ya fi yawa, wato inci 12 ɗin da Amurka suka tsaya a kai, amma akwai na 25 akwai na 40. In mai P ne daga daɓe zuwa tsakiyar bututun zaka auna, yawanci wajen santimita 18. Ka rubuta lambar a waya ka tafi da ita, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne".

A bene ni na fi son mai P, saboda bututun ta bango yake fita waje, ba sai an huda dekin ba, ranar da zai yi yoyo ma ba a kan silin ɗin mutanen ƙasa zai zubo ba, kuma mai gyara yana ganinsa da ido. Wani amfaninsa, mai P ana iya sa masa gwiwar bututu a juyar da shi ƙasa in ramin a daɓe yake, amma mai S ba yadda zaka yi ya shiga bango.

To sai babbar gardamar, zama ko tsugunno. Nan kowa da nasa, kuma kowa da gaskiyarsa.

Masu tsugunno ba tsohon yayi ne kawai ya riƙe su ba. Akwai wata tsoka da ta zagayo ƙarshen hanji kamar igiya ta ɗan lanƙwasa shi, in kana zaune lanƙwasar bata gama sakewa, in ka tsuguna gwiwa ta taso kusa da ƙirji sai hanyar ta fi miƙewa, shi yasa mutane da yawa suke cewa basa nishi a na tsugunno. Wani likita mai suna Dov Sikirov ya gwada haka da mutum 28 a 2003, ya samu sun fi saurin gamawa kuma da ƙarancin yunƙuri a tsugune. Mutum 28 ba yawa bane, amma dai ya yi daidai da abinda jiki yake gayawa mutum. Ga shi ba inda fatarka take taɓawa sai tafin ƙafa, wanda a banɗakin da baƙi suke shiga ba ƙaramin abu bane. Ga shi baya cin ruwa, lita 2 zuwa 3 a bokiti ta kore shi tas. Ba marfi ba ƙusa ba abinda zai karye, wanki kuma ka watsa ruwa a daɓe ka share komai ya gangara ciki shikenan.

Amma fa gwiwa bata da tabbas. Yau kana tsalle gobe kana dafa bango. Tsoho, mai ciwon gwiwa ko ƙugu, mace mai tsohon ciki, wanda aka yi wa aiki, mai jiki sosai, duk waɗannan tsugunno azaba ne a wajensu, kuma ba saukar bace matsalar, tashin ne, ga daɓe a jiƙe ga santsi. Na ga dattijon da ya rage cin abinci da gangan don kar ya yawaita shiga, bai gayawa kowa ba sai da aka lura ya rame. Gida kuma ba na shekara biyu kake ginawa ba, wanda zai tsufa a ciki kai ne. Sannan ƙananan yara ƙafarsu tana iya zamewa cikin ramin. Sannan kwanon tsugunno yana buƙatar zurfi a ƙarƙashinsa, a ƙasa ba damuwa, amma a bene sai an ɗaga daɓen an yi masa dakali, dakalin kuma wani abin tuntuɓe ne da daddare. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, ba kowane kwanon tsugunno ne yake zuwa da lanƙwasar nan a jikinsa ba, wasu rami ne kawai ɓurum, sai an sayi wuyan daban an haɗa a ƙasa. In aka manta ko aka yi ƙwauro, to ka sayi wari da kuɗinka, duk turaren duniya ba zai kashe shi ba.

In kana son zama amma kana son amfanin tsugunno, ƙaramar kujerar taka ƙafa mai tsayin kamar santimita 18 zuwa 23 tana ɗaga gwiwa sama da ƙugu, ta rage maka hanya sosai. Abinda ba'a yi shine hawa kan masai na zama da ƙafa biyu a tsuguna. Don Allah a gayawa yara da baƙi. Tangaran ne, ba'a ƙera bakinsa don ɗaukar nauyin mutum a tsaye ba, in ya girgiza ya tsage kuwa yankansa ya fi na kwalba, a cinya kuma.

Mu ce dai ka tsaya kan na zama. Abu na gaba wanda kusan ba mai tambaya shine yadda yake kora, kuma iri biyu ne. Akwai mai turi, ruwa ya zubo da ƙarfi daga tanki ya tunkuɗa komai ta wata gajeriyar hanya mai faɗi, wannan shi aka fi yi a Turai. Akwai kuma mai zuƙa, irin na Amurka, hanyarsa doguwa ce siririya mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar inci 2 ko ɗan fiye, ruwa ya cika ta sai ta ja komai kamar yadda ake zuƙo mai da tiyo, zaka ga ruwan ya ɗan taso sannan ya zurara har da wannan ƙarar "ƙwal-ƙwal" a ƙarshe. Gane su ba wuya, leƙa ciki, in ruwan ɗan kaɗan ne can ƙasa mai turi ne, in ya yi faɗi kamar tafki mai zuƙa ne, ko ka duba gefensa zaka ga shatin hanyar kamar maciji.

Mai zuƙa ya fi shiru, kuma da yake ruwa ya rufe yawancin kwanon baya barin tabo kuma wari baya tashi sosai. Laifinsa toshewa, da fantsama. Gidan da yara suke jefa abu, ko ake tula takarda, sai ka ajiye robar buɗewa kusa. Mai turi yana da ƙara, kuma sai ka riƙa bi da burushi saboda yana barin shaida, amma kafin ya toshe an sha wuya, kuma in ruwa ya ɗauke ka koma bokiti ya fi saurin amsawa, shi mai zuƙa sai ka juye ruwan gaba ɗaya a lokaci guda sannan ya kama, in ka tsiyaya a hankali sai dai ya tsaya yana kallonka. Ni dai tsakanin goge tabo da zura hannu a toshewa, na zaɓi burushi.

Ruwa kuma lissafi ne. Tsofaffin masai suna shan lita 13 ko fiye a ja ɗaya. Amurka ta yi doka a 1992 ta tsaida sababbi kan galan 1.6, wato lita 6, yanzu ma akwai masu lita 4.8. Mai maɓalli biyu, wanda kamfanin Caroma na Ostireliya ya fito da shi a 1980, yawanci yanzu lita 6 ne babban, lita 3 ƙaramin. Ɗauki gida mai mutum 6, kowa ya ja sau 5 a rana, ja 30 kenan, a tsohon lita 390 ta tafi, a mai lita 6 kuma 180, in mai maɓalli biyu ne aka kuma yi amfani da ƙaramin yadda ya kamata sai ya sauko ƙasa da haka sosai. Wannan ba tankin sama kawai yake ragewa wahala ba, har sokawe, don duk abinda ka zuba can yake tafiya. Sai dai kar a zaƙe, masai mara kyau da aka ce yana tsimin ruwa amma sai ka ja sau biyu uku, ina tsimin yake? Kuma in bututunka dogo ne mara gangara, ruwa kaɗan baya kai kaya ƙarshe, sai ya ajiye maka a hanya. Akwai wani iri mara tanki, wanda ake danna ƙarfe ruwa ya fito kai tsaye daga bututu kamar na filin jirgi, kar ya burge ka, yana son ruwa mai ƙarfi da bututu mai kauri, a gidan da ruwa yake gangarowa daga tankin da ke kan rufi tsiyaya kawai zai riƙa yi.

Yanzu sai ƙirar jiki, wadda ita ce ido yake fara gani.

Mai kashi biyu, kwano daban tanki daban a ɗaure su da ƙusa biyu da roba a tsakani, shine gama-gari kuma ba banza ya zama gama-gari ba. Ɗauka da sauƙi, kayan cikinsa ko'ina akwai, tanki ya fashe ka canza tankin kawai. Matsalarsa wannan mahaɗar, datti yana taruwa a tsagar, kuma in robar ta tsufa sai ka fara ganin ɗigo a bayansa, gyaran mintuna ne dai. Akwai ƙaninsa wanda tankin roba yake maƙale a bango sama da shi bututu ya sauko, ba kyan gani amma wallahi yana kora, saboda ruwan daga sama yake faɗowa.

Mai ƙira ɗaya, tanki da kwano a haɗe, ya fi kyau ya fi sauƙin gogewa, ba mahaɗa balle yoyo. Irinsa na saya ranar da na baku labari. Nauyi gareshi, wasu sun kai kilo 40 ko fiye, kuma ranar da wani abu ya faɗo ya tsaga tankin to duka ya tafi, ba rabi. Wasu ana rufe musu gefe sumul har ƙasa ba lungu ko ɗaya, masu wanke banɗaki suna sa wa wanda ya ƙirƙiro wannan albarka, masu ɗaurawa kuma suna tsaki, don hannu baya shiga. In irin wannan zaka ɗauka ka tabbata ƙusoshin marfin ta sama ake ɗaure su, in ba haka ba ranar canza marfi sai an cire masai ɗin gaba ɗaya.

Na rataye shine yayi yanzu, kwano a manne da bango baya taɓa ƙasa, tankin a ɓoye cikin bango, maɓalli kawai kake gani. Ba sabon abu bane ma, kamfanin Geberit na Suwizalan ya fito da tankin ɓoye tun 1964. Tambayar kowa ita ce ba zai ɓalle da mutum ba? In ƙarfen cikin na kirki ne kuma an ɗaure shi yadda ya dace, ana gwada su da kilo 400, don haka ba nan tsoron yake ba. Daɗinsa mofa tana wucewa ta ƙarƙashi ba lungun da ruwa zai kwanta, ƙaramin banɗaki sai ya yi kamar ya ƙara faɗi, kuma kai zaka zaɓi tsayin da za'a kafa shi. Inda tsoron yake shine cikin bango. Tankin kansa kaurin santimita 8 zuwa 12 ne, sai an yi masa gurbi ko an tada bangon ƙarya a gabansa, kenan tun kafin tayil ake yanke shawara ba bayan ba. Kayan cikin ta ramin maɓallin ake ciro su, wannan ba matsala, amma sai na kamfanin da ya yi shi, ba kowace roba take shiga ba. In ka sayi wanda ba'a san asalinsa ba, shekara uku ka nemi kayan ka rasa, ko jikin tankin ya fara tsatsafo cikin bango baka sani ba sai fenti ya fara kumbura a ɗakin da ke bayansa, to guduma ce zata yi magana. Ra'ayina a nan a fili yake, ko ka sayi na kamfanin da aka sani ka samo wanda ya taɓa ɗaura irinsa ba sau ɗaya ba, ko ka barshi kawai. Ba abin gwaji bane.

Tsayi, da sauri. Na gama-gari wajen santimita 38 zuwa 40 ne daga ƙasa, akwai dogo mai 43 zuwa 48 da marfinsa wanda ya yi kusan kujera, tsofaffi da dogaye suna jin daɗin tashi a kansa, amma gajere da yaro ƙafa sai ta riƙa lilo, kuma tsayin yana ƙara nisanta ka da tsugunnon da muka ce yana taimako. Kar kunya ta hana ka zama a kansa kafin ka biya, da kayanka mana. Mai dogon baki ya fi mai zagaye tsawo da kamar santimita 5, 47 da 42, ya fi daɗin zama musamman ga maza da masu tsarki da ruwa don hannu yana samun wuri, amma santimita 5 ɗin nan ita take hana ƙofa buɗewa a matsattsen banɗaki. Ka bar aƙalla santimita 38 daga tsakiyarsa zuwa bangon gefe, gabansa kuma fiye da rabin mita.

Sai ƙananan abubuwa da suke zama manya daga baya. Mara leɓe, wato wanda babu wannan zagayen da ruwa yake fitowa ta ƙarƙashinsa, gaskiya ci gaba ne, don wannan lungun da burushi baya kaiwa nan baƙin datti da tsatsar ruwa suke zama, sai dai wasu suna fantsalo ruwa waje in ba'a daidaita ƙarfin ba. Siffa kuma ka guji mai ban mamaki, mai kusurwa huɗu ko mai kama da ƙwai, don marfi shine abinda ya fi saurin karyewa, kuma marfin da bai dace ba kullum zamewa yake. Marfi mai sauka a hankali ya cancanci a nema, ko don barcin mutane. Zura hannu cikin wuyan sabon ka shafa, in sumul ne kamar waje an shafe shi da ƙyalli har ciki, in kaushi ne kamar bulo nan abu zai riƙa maƙalewa. Na Japan masu wanke mutum da ruwan ɗumi su busar, irin Washlet ɗin da kamfanin Toto suka fara sayarwa a 1980, daɗi kam akwai, amma sai da soket kusa da masai da wuta tsayayya, ƙaramin famfon hannu a gefe yana yin rabin aikin ba tare da waya ko ɗaya ba.

Kuma kar ka bari a binne gindin masai na zama cikin siminti wai don ya yi ƙarfi. Ƙusa ake sa masa a zagaye da silikon, wanda aka dasa a siminti ranar gyara sai dai a fasa shi.

Ni yanzu abinda ke gidana, banɗakin ciki mai kashi biyu ne, mai turi, maɓalli biyu, dogon baki, fari mara wani salo, da ƙarfen dafawa a bango. Na waje wanda baƙi da yara suke shiga na tsugunno ne da wuyansa a ƙasa. Da banɗaki ɗaya gareni da na zaman zan sa in ajiye kujerar ƙafa, saboda mai lafiya yana iya zama amma mara lafiya baya iya tsugunno. Ranar da aka gama ɗaura na cikin ban bari mai aikin ya tafi ba, na shimfiɗa busasshiyar takarda a bayansa da gindinsa muka ja ruwa sau biyar, sannan na ɗiga kala cikin tanki muka zauna minti 15 ba wanda ya taɓa maɓalli. Da muka leƙa ruwan kwanon ya fara yin shuɗi-shuɗi, ashe robar ƙasan tankin bata zauna daidai ba, sabo fil amma yana zubar da ruwa a ɓoye. Ya buɗe ya gyara mata zama, muka sake ɗigawa, wannan karon ruwan ya tsaya fari, sannan na sallame shi.